Maganin daji ya samu, saura hanyar da zai bi ya iso ga matanmu

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, yau sharhinmu ya ajiye maganar farashin hatsi da kuɗin duwan, ya koma kan wani ciwo da ba a son ambaton sunansa a cikin rumfa. Ciwon daji ke nan, wanda wasu ke kira sankara, ƴan boko kuma suna ce masa kansa. Da wuya a samu kasuwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da ba a taɓa ganin an rufe wata rumfa ba saboda mai ita ta kwanta da ciwon nono. Da farko sai a ce ta yi tafiya, daga baya a ce tana gida ba ta jin daɗi, ranar da aka ji gaskiya kuwa ranar zaman makoki ce. A bakin mutane da yawa maganar ɗaya ce: daji ba ya da magani. Mun ga ya kamata mu tsaya a kan wannan magana, domin ta daɗe da daina zama gaskiya, kuma tana kashe matanmu.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2 da dubu 300 aka gano suna da dajin nono a duniya, dubu 670 kuma suka rasu. A ƙasarmu Nijar shi ne dajin da ya fi kama mata. Amma a ƙasashe masu arziki, cikin mata 10 da aka gano da shi, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Ciwon ɗaya ne, jikin mace ɗaya ne. To mi ya kawo wannan bambanci? Domin amsa wannan tambaya za mu ba ku labarin wani likita ɗan Amurka mai suna Dennis Slamon, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman lagon wannan ciwo. A cikin labarinsa akwai abin da ya shafi gwamnati, akwai wanda ya shafi masu kuɗi, akwai kuma wanda ya shafi mai sayar da tumatir a bakin titi.

An haifi Slamon a shekarar 1948 a jihar Pensilbeniya. Ba ɗan masu hali ba ne, mahaifinsa ya yi aikin haƙar gawayi a ƙarƙashin ƙasa. Ya yi karatun likita a jami'ar Shikago, ya gama a 1975, sannan a 1979 ya koma jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Anjalis, inda ya haɗa aiki biyu: duba masu ciwon daji a asibiti, da bincike a ɗakin awo. A wancan lokaci makamai uku ne manya a hannun likitoci. Akwai aikin tiyata a cire ciwon, akwai gashi da haske a ƙona shi, akwai kuma ƙarin ruwa mai ƙarfi da muke ce wa shimiyo. Shimiyo yana aiki, ya ceci rayuka masu yawa, har yau ana amfani da shi. Sai dai aikinsa kamar na manomin da ya fesa wa gona magani ne domin ya kashe ciyawa, hatsin ma ya ji jiki. Shi ya sa gashin mai ciwo ke zubewa, ta yi ta amai, jininta ya ragu.

Abin da ya dami Slamon shi ne: mata biyu su zo da ƙulli iri ɗaya a nono, girmansa ɗaya, a yi musu aiki ɗaya, a ba su magani ɗaya, guda ta warke ta koma harkokinta, guda kuma ciwon ya dawo mata kafin shekara biyu ya tafi da ita. Ya ce lalle akwai wani abu a cikin naman ciwon kansa da ya raba su. Sai ya shiga tara ƴan gutsattsarin naman daji da aka cire wa marasa lafiya, yana adana su cikin firigo mai daskarewa, kowane da bayanin abin da ya faru da mai shi. Ana cikin haka, a 1986, ya haɗu da wani masani ɗan Jamus, Axel Ullrich, da ke aiki a kamfanin harhaɗa magunguna na Genentech. Shi Ullrich yana da wasu ƙwayoyin gado da ya ware, ana zargin suna da hannu a ciwon daji, amma ba a san wane daji ba. Slamon yana da nama, Ullrich yana da abin awo, sai suka haɗa jari.

Bari mu fayyace abin da suka gano, domin shi ne zuciyar maganar. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kowace ƙwaya tana da wasu ƴan abubuwa a bayanta kamar eriyar rediyo, da su take kama saƙon da jiki ke aiko mata: ki hayayyafa, ko ki dakata. Ɗaya daga cikin waɗannan eriyoyi sunanta HER2. A ƙwayar nono mai lafiya ana samun irinta kamar dubu 20. A wani irin dajin nono kuwa adadin yakan kai miliyan 2 a kan ƙwaya guda. Ku ɗauka kamar ɗan aike ne da aka gaya wa sau ɗaya ya sayo buhu, shi kuma ya ji kamar sau ɗari aka faɗa, ya yi ta jido buhuna har shago ya cika ya tsage. Haka ƙwayar ke hayayyafa ba tsayawa, ta zama ƙulli, daga nan ta bi jini ta tafi huhu, hanta ko ƙashi.

A shekarar 1987 Slamon da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon awon nama 189. Wajen kashi 30 cikin 100 suna da wannan yawan HER2, kuma masu shi su ne ciwon ya fi saurin dawo wa, su ne suka fi saurin rasuwa. Da aka faɗaɗa awo a shekarun baya, sai aka tsaya a kan cewa mace 1 cikin 5 ko 6 masu dajin nono ce ke da irin wannan. Da yawa daga cikin masana ba su yarda da shi ba da farko, wasu sun gwada a wurarensu ba su ga abin da ya gani ba. Bai yi fushi ya bar aikin ba. Ya koma ya sake awo da nama mai yawa, ya fitar da sakamako na biyu a 1989, wanda ya tabbatar da na farko. Daga nan tunaninsa ya tafi kan mataki na gaba: idan yawan eriya ne ke haukata ƙwayar, to a nemo abin da zai toshe eriyar, a bar sauran jiki ya huta.

A nan ne labarin ya shigo kasuwa. Kamfanin Genentech yana da wani abu da ke iya manne wa HER2, amma shugabanninsa suka yi sanyi. Lissafinsu irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani ne. Wasu kamfanoni sun zuba kuɗi a irin wannan magani sun yi asara, kuma ko ya yi aiki, kashi kaɗan ne na masu ciwon za su saye shi. Aikin ya kusa mutuwa. Wasu ƴan tsirarun masana a cikin kamfanin, irin su Michael Shepard, suka ƙi sakinsa. Ta wajen Slamon kuma taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Wata mata, Lilly Tartikoff, wadda Slamon ya taɓa yi wa mijinta maganin wani daji, ta shiga nema masa kuɗi, har ta shawo kan kamfanin Revlon. Hajiyoyinmu masu shagon kayan shafa sun san wannan suna, kamfanin jan baki ne da hoda. Daga 1990 ya riƙa zuba miliyoyin dalolin Amurka a binciken. Kuɗin kwalliyar mata ya koma neman maganin ciwon mata.

Maganin da aka samo irin sojan nan ne da jini ke ƙerawa domin yaƙar cuta, amma an horar da shi ya nemi HER2 kaɗai ya manne mata. Na farko daga jikin ɓera aka samo shi, jikin mutum kuwa ba ya karɓar baƙon abu, don haka sai da masana suka sake masa fasali ya yi kama da na ɗan Adam. A 1992 aka fara gwada shi a kan matan da ciwon ya riga ya bazu a jikinsu, waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. Wasu ba su ga canji ba. Wasu ƙullin ya tsaya. Wasu kaɗan kuma ya narke, abin da likitocinsu ba su saba gani ba.

Da labari ya bazu, matan da ke fama da ciwon ba su zauna jiran tsammani ba. Suna da ƙungiyoyinsu. A tsakiyar shekarun 1990 wasu suka yi zanga-zanga a ƙofar kamfanin, suna cewa waɗanda ke bakin mutuwa ba za su iya jiran a gama gwaji ba. Kamfanin ya yarda ya ba wasu, amma da yake maganin kaɗan ne, sai da aka koma jefa ƙuri'a domin a zaɓi wadda za ta samu. Waɗannan ƙungiyoyin mata ne kuma suka taimaka aka samu masu shiga babban gwajin, suna bi gari gari suna yi wa ƴan uwansu bayani. Mata 469 suka shiga. Aka raba su biyu, wasu shimiyo kaɗai, wasu shimiyo da sabon maganin. A ranar 25 ga watan Satumba na 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da izinin sayar da shi. Sunansa na kasuwa Herceptin, sunansa na likita trastuzumab. Daga sakamakon farko zuwa ranar, shekara 11 ke nan.

Ba za mu ƙara wa miya gishiri ba. A wancan gwaji, matan da suka samu sabon maganin sun rayu wata 25 a tsakaici, waɗanda ba su samu ba wata 20. Wata 5 ne bambancin, domin an ba su shi bayan ciwon ya gama bazuwa. Babban abin ya zo ne a 2005, lokacin da aka gwada shi a kan matan da suka zo da wuri, aka yi musu aiki tun ciwon yana nono. A wurinsu dawowar ciwon ta ragu da kusan rabi. Irin dajin da a da shi ne mafi muni ya koma cikin waɗanda aka fi iya riƙewa. Maganin ɗaya ne a gwajin biyu, lokacin zuwa ne ya bambanta. Slamon bai tsaya nan ba, ɗakin bincikensa ya taimaka wajen fito da wani maganin na wani irin dajin nono a 2015, kuma a 2019 shi da Ullrich da Shepard suka karɓi kyautar Lasker, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan aikin likita a duniya.

To mi wannan labari ya koya mana, mu da muke nan?

Abu na farko: daji ba iri ɗaya ba ne, ko a cikin nono guda. Kamar yadda mai sayen hatsi ba ta yarda da buhu sai ta soka ta ga abin da ke ciki, haka likita ba ya sanin irin dajin sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin awo. Herceptin ba ya amfanar macen da ciwonta ba ya da yawan HER2, ba ta shi asarar kuɗi ce, ga kuma haɗari, domin yana iya raunana zuciya, shi ya sa ake auna zuciyar mai shansa lokaci lokaci. Akwai wani irin dajin nono da ke cin abinci daga sinadarin mace na jiki. Shi maganinsa ƙwaya ce mai suna tamoxifen, ana sha kullum shekara 5 ko fiye, kuma ba ta da tsada idan aka kwatanta da sauran. Akwai na uku da ba ya jin ko ɗaya cikin biyun, shi sai shimiyo da aiki. Awon nama ne ke raba waɗannan uku. Macen da aka yi wa aiki aka jefar da naman ba tare da awo ba, an bar ta tana sayen magani a cikin duhu.

Akwai wata likita ƴar Najeriya, Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatu a Ibadan kafin ta koma jami'ar Shikago, ta shafe shekaru tana binciken dajin nono na matan Afirka ta Yamma. A wani bincike da ta jagoranta, wanda ya fito a 2009, an duba naman mata fiye da 500 daga Najeriya da Senigal. An ga ciwon yana kama su da sauran ƙuruciya, kuma da yawa cikinsu irin na ukun nan ne mai wuyar magani. Wasu bincike da suka biyo baya sun nuna cewa idan aka kula da naman yadda ya kamata tun daga ɗakin tiyata, adadin masu irin da tamoxifen ke yi wa aiki ya fi yadda aka zata. Wato nama idan ya lalace a hanya, awo yana iya cewa babu alhali akwai, a hana mace maganin da zai amfane ta.

Saboda haka muna jan hankalin dangi. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a saka naman cikin ruwan formol kafin awa ɗaya da cire shi, kuma kada ya wuce kwana uku a ciki kafin a fara aikinsa. Idan an yi wa taku aiki aka miƙo muku kwalba da takarda aka ce ku kai awo, kada ku ajiye ta a ɗaki sai ranar da wani zai yi tafiya Yamai sayayya. Kada ku binne ta don kuna ganin jikin mutum ne. Ku tambayi likita ina za a kai, nawa ne, yaushe sakamako zai fito. Idan ya fito ku koma ku tambaya: wane iri ne, an duba HER2, an duba na sinadarin mace? Tambaya haƙƙinku ce. Wadda ta iya taya kaya da ɗan Kano ko ɗan Kwatano ba ta ji tsoro ba, ba za ta kasa tambayar lokotoro abin da ya shafi ranta ba.

Abu na biyu kuɗi ne. Ana ba da trastuzumab ta ƙarin ruwa duk sati uku, yawanci har shekara guda. A 2019 OMS ta ce kuɗin na asali ya kai dalar Amurka dubu 20 a tsakaici, wato sama da miliyan 11 na sefa a canjin lokacin. Mai sayar da ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko ta sayar da duk abin da ta mallaka ba za ta haɗa wannan ba. Amma kasuwa ta motsa. A 2015 OMS ta saka shi cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanadar wa jama'arta. Wa'adin mallakar kamfanin farko ya ƙare, kamfanoni a Indiya da Koriya ta Kudu suka fara yin irinsa. A watan Disamba na 2019 OMS ta tantance na farko cikinsu, ta ce aikinsa ɗaya da na asali, kuma irin waɗannan sukan yi ƙasa da farashi da kusan kashi 65 cikin 100. Har yanzu miliyoyi ne, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma ƴan kasuwa sun san bambancin sayen ɗai-ɗai da sari. Gwamnati ce kaɗai ke iya sari, ita kaɗai ko tare da ƙasashe maƙwabta.

A nan za mu juya ga magabatanmu. Ba mu ce ba a yi komi ba. A 2007 gwamnati ta fitar da doka cewa maganin dajin mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. A 2021 aka buɗe sashen gashi da haske na farko a ƙasar, a cibiyar yaƙi da ciwon daji da ke Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, AIEA. Kafin nan mai buƙatar gashi sai ta fita waje, in tana da hali. Wannan ci gaba ne, mun yaba. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi sama da 600, daga Tawa sama da 500. Doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba da masauki, ba ta ciyar da ƴaƴan da aka baro gida. Muna kira da a tabbatar ana iya ɗibar nama da adana shi daidai a manyan asibitocin kowace jiha, a samar da hanyar da asibiti da kansa zai aika shi ya karɓo sakamako, a daina ɗora wa dangi. A tanadi kayan awon HER2 da na sinadarin mace kada su yanke. A sayo maganin a sari daga masu araha da OMS ta tantance. A kuma riƙa gaya wa jama'a a fili, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, abin da kyautar ta ƙunsa da abin da ba ta ƙunsa ba, domin kada mace ta je da zaton kyauta ta dawo da takardar magani da ba ta iya saye.

Abu na uku yana hannunmu, ba ya buƙatar ko dala. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma gwajin 2005 abin da ya nuna ke nan. Iyayenmu mata, ku riƙa shafa nononku sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke, har zuwa hammata. Ƙulli mai tauri ko da ba ya ciwo, kan nono da ya shige ciki, fata da ta yi kamar ɓawon lemu, jini ko wani ruwa da ke fita ba na shayarwa ba, gyambon da ya ƙi warkewa, duk waɗannan alamomi ne na a je likita a cikin satin. Rashin zafi ne ke yaudarar mata da yawa, domin dajin nono a farkonsa sau da yawa ba ya zafi. Kuma mu kwantar muku da hankali, mafi yawan ƙullin nono ba daji ba ne. Wadda ta je aka ce ba komi, ta yi asarar wuni ɗaya na ciniki ta samu kwanciyar rai. OMS ta ce bai kamata a wuce kwana 60 ba tsakanin zuwan mace asibiti da sanin sakamakonta. Kowane wata da aka ƙara a gida, ciwon ne ke cin riba.

Dole mu taɓo masu lasifika da ke yawo a kasuwanninmu da kwalba ɗaya mai maganin basir, shawara, sanyi da daji gaba ɗaya. Slamon da ɗaruruwan masana sun yi shekara 11 kafin su samu maganin da ke yi wa mace 1 cikin 5 aiki, kuma suka faɗi iyakarsa da illarsa. Wanda ya ce garinsa na jika biyu yana warkar da kowane daji, ku tambaye shi mata nawa ya gwada a kansu, nawa ke da rai bayan shekara 5. Mun san mutane suna zuwa wurinsu ne saboda suna kusa, suna da araha, kuma suna sauraron mutum. Amma watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe, ana tsaga, ana sakiya, su ne watannin da aiki zai iya cire ciwon gaba ɗaya. Gidajen rediyo da ke karɓar kuɗin tallar irin waɗannan su ma su duba abin da suke sayar wa masu sauraronsu.

Ga magidanta kuma, mace da yawa tana ɓoye ƙullin ne don tsoron kada a cire nono miji ya juya mata baya ko ya yi mata kishiya. Malam, Alhaji, idan uwar ƴaƴanka ta gaya maka ta ji wani abu, kai ne za ka fara cewa tashi mu je. Daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta shimfiɗa, ba kuma sammu ba ne. Ƙungiyoyin mata su ma suna da abin yi. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi aka fara shi a 1991, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Matan da suka koya wa duniya wannan dabara za su iya ware wani ɗan kaso na asusu ko na adashi domin kuɗin mota da awon duk wadda ta ji ƙulli, su kuma tsare mata rumfa har ta dawo. Manyan attajiranmu da ke gina gidaje da tashoshin mai, muna tuna muku kamfanin jan bakin nan. Gidan saukar baƙi ɗaya kusa da asibiti a Yamai, ko kuɗin karatun yaro ɗaya da zai ƙware a awon nama ya dawo jiharsa, sadaka ce da za ta daɗe tana gudana.

Muna da rajistar masu ciwon daji a Yamai tun 1992, muna da ɗalibai a sashen likita na jami'ar Abdu Mumuni da na sauran jami'o'inmu. Slamon ɗan mai haƙar gawayi ne, da firigo da haƙuri ya fara. Abin da Dokta Olopade ta gano ya nuna cewa dajin matanmu yana buƙatar a bincike shi a nan, a kan namanmu, kuma ƴaƴanmu ne suka fi cancanta su yi. A ba su kayan aiki da albashin da zai riƙe su a gida. Kafin nan, mu yi abin da ke hannunmu. Wadda ta karanta wannan shafi ta karanta wa maƙwabciyarta ta rumfa da ba ta iya karatu ba, wanda ya karanta ya kai maganar gida yau da dare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.